Filin Direba da Makanike: Mota Mai Yoyo, Ƙasa Ke Tona Asirinta

A watan jiya mun yi zancen taya da iskarta. Yau za mu yi zancen yoyo, wato yoyon mai da yoyon ruwa a tsohuwar mota mai turbo.

Wani zai ce: "Ni ba ni da mota, ina ruwana?" Da ruwanka. Mota ita ke kai wakenka da tumakinka kasuwar Tawa ran Lahadi. Ita ke ɗaukar mace mai naƙuda cikin dare. Kuma sau da yawa kuɗin da aka saye ta gumin ɗanka ne ko na ƙanenka, wanda ya yi shekaru yana bida a Abijan ko a Libiya. In ta mutu, gida duka ya yi hasara.

ABIN DA NA GANI DA IDONA

Wata shekara cikin bazara na shiga wata tsohuwar mota daga Kalfu, za mu Tawa. Kafin mu tashi, na ga yaron mota ya ɗura ruwa jarka guda cikin lagireto, wato tankin ruwan gaba da makanikanmu ke kira radiyater. Na ce wa direba: "Maigida, motar nan tana yoyo." Ya yi dariya, ya ce: "Haba Malam, ai ta saba. Wata uku ke nan muna haka."

Ba mu yi rabin hanya ba sai allurar zafi ta hau ja. Direba bai tsaya ba, sai da tururi ya tashi. Yaro ya yi sauri ya kwarara ruwan sanyi. Nan take kan inji ya tsage. Tare da mu akwai wata tsohuwa marar lafiya da ake kaiwa asibiti. Ta yini gindin icce cikin rana kafin a samu wata mota.

Daga baya makanike ya nuna mani mafarin abin. Wani ɗan zoben ƙarfe ne da ke ɗaure bakin tiyon ruwa ya yi tsatsa ya saki. Kuɗinshi bai kai na kaza ba. Amma sai da mai mota ya sai da shanu kafin motar ta sake tashi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

MENE NE TURBO?

Kun san zugazugin maƙeri. In ya zuga, wuta ta yi ƙarfi. To, turbo shi ne zugazugin inji. Ƙarfe ne mai siffar dodon koɗi, yana manne a gefen inji, wajen da hayaƙi ke fita. Cikinshi akwai fanka biyu bisa sanda guda. Hayaƙi na juya ta farko. Ta biyu na tura iska cikin inji. In iska ta yi yawa, gazuwal ya ƙone da kyau, mota ta ƙara ƙarfi.

Wani injiniya na ƙasar Suwis mai suna Alfred Büchi ya ƙago wannan dabara a 1905. Jiragen ruwa da manyan motoci suka fara aiki da ita. Ƙananan motoci masu shan gazuwal sun same ta daga baya: Mercedes a 1978, Peugeot a 1979. Cikin tsofaffin motocin da suka shigo mana ta tashar jiragen ruwa ta Kwatano ko ta Lome, da yawa na da turbo. Haka Hilux da Land Cruiser, waɗansu na da shi, waɗansu babu. In kana jin ɗan fito mai laushi sa'ad da direba ya taka mai, to akwai shi.

Sandar turbo tana juyawa fiye da sau dubu 100 cikin minti guda. Hayaƙin da ke juya ta kuwa, zafinshi kan wuce digiri 600. Abin da ke hana sandar cinyewa shi ne man inji. Yana zuwa ta wani siririn bututu daga sama, ya koma ta wani mai kauri daga ƙasa. Waɗansu turbo kuma na da bututun ruwa. Don haka mota mai turbo ta fi sauran motoci zafi, ta fi su yawan bututu, kuma ba ta da haƙurin rashin mai ko kaɗan.

DA FARI, TAMBAYI ƘASA

Makiyayi na gari yakan zaga garke da sassafe. Yana duba kashi da fitsari da sawu, ya gane wace dabba ce ba ta da lafiya. Mai mota ma haka ya kamata ya yi. Amma rairayi na shanye ɗigo, ya ɓoye shi. Saboda haka, da dare ka ajiye mota wuri mai daidai, ka shimfiɗa kwali ko takardar buhun siminti ƙarƙashinta. Da safe ka jawo, ka duba, ka taɓa, ka shinshina. Kada ka ɗanɗana.

Baƙi mai santsi: man inji ne.

Ja mai ruwa-ruwa: man sitiyari ne, ko man giya a motar da ke canja giya da kanta.

Mai kauri, mai wari: man giya ne ko na ƙafar baya.

Kore, ko shuɗi, ko rawaya, ko ruwan hoda, mai ɗan ƙanshin zaƙi: ruwan lagireto ne na kanti. In ruwan rijiya kake sawa, za ka ga ruwa mai launin tsatsa.

Mai haske, mai santsi, kusa da taya: man birki ne. Wannan mota kada ta fita gida sai an gyara.

Ka lura kuma da wurin da ɗigon ya faɗi: gaba, ko tsakiya, ko baya, dama ko hagu.

NA BIYU, WANKE KA GANI

Tsohon inji duk ya yi baƙi da mai da ƙura. Ba a gane bakin ciwo cikin dauɗa. Ka bari inji ya huce, ka wanke shi da omo da ɗan ruwa, kana kiyaye wayoyin wuta. In ya bushe, ka barbaɗa tankaɗaɗɗiyar toka wuraren da kake zato. Kada toka ta shiga bakin iska ko bakin mai. Sa'an nan ka ta da mota minti 10, ka kashe, ka duba da tocila. Inda ke yoyo zai yi layi cikin toka.

Ga abu guda da ya kamata kowa ya riƙe. Mai na gangarowa ƙasa, iska kuma na kora shi baya. Inda yake ɗiga ba nan yake fitowa ba. Ka bi layin zuwa sama. Inda jiƙa ta ƙare, nan ne bakin yoyo. Mutane da yawa sun biya kuɗin sauke inji don gyaran ƙasa, alhali ciwon na bisa.

A kula: in inji na aiki, ka tattara hannun riga da bakin rawani. Fanka da bel ba su san mai gida ba.

INDA MAI KE FITA

1. Murfin kan inji. Ƙarƙashinshi akwai wata roba da ake kira juwan. Zafi na busar da ita, ta tsage. A canja ta. Gyara ne mai sauƙi.

2. Matatar mai da notin juye mai. Sau da yawa yoyo na farawa ne bayan an canja mai. Ko ba a ɗaure daidai ba, ko an mai da tsohon zobe.

3. Ɗan makunnin fitilar mai. Ƙaramin abu ne mai waya guda a jikin inji. In ya tsufa yakan yi gumi, wata rana ya fashe.

4. Bututun man turbo na sama. Bakinshi na da zobba na jan ƙarfe. Duk sa'ad da aka kwance, a sa sababbi. Yoyon nan na da haɗari, domin man na zuba bisa ƙarfe mai zafi. Ka ji ƙaurin mai, ka tsaya. Gobara na iya tashi.

5. Bututun man turbo na ƙasa. Yakan tsage, ko ya toshe da daskararren mai. In ya toshe, mai ba shi da hanyar komawa, sai ya bi ta hayaƙi ko ta iska.

6. Robobin gaba da bayan inji, inda babbar sanda ke fitowa. Wannan aikin makanike ne.

Kada a cika shafa gam wajen ɗaurin juwan. Abin da ya yi saura yakan ɓalle ya bi mai, ya je ya toshe siririn bututun turbo.

KADA A YI GAGGAWAR YANKE WA TURBO HUKUNCI

Wani lokaci mai na raguwa, amma kwali bai nuna kome ba. Sai ka dubi hayaƙi. Shuɗin hayaƙi, mai ne ke ƙonewa. Baƙin hayaƙi, gazuwal ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan. Farin hayaƙi mai yawa wanda ba ya daina fita bayan inji ya yi zafi, sau da yawa ruwa ne.

In hayaƙi shuɗi ne, wani zai ce maka: "Turbo ya mutu, kawo kuɗin wani." Dakata. A duba abu uku tukuna. Na ɗaya, matatar iska. Ƙurar hunturu na toshe ta, turbo ya rasa iska, ya riƙa jawo mai. Na biyu, bututun mai na ƙasa. Na uku, tiyon numfashin inji, wanda ke fitowa daga murfin kai. In ɗayansu ya toshe, ko sabon turbo aka sa, zai yi yoyo.

Bayan haka a gwada turbo da kanshi. Inji a kashe, a sanyaye. A cire babban tiyon iska, a kama bakin sanda da yatsa. In ta ɗan motsa gefe kaɗan, ba laifi. In fanka na gugar bango, ko sanda na shiga tana fita, ko fikafikan sun karye, to ya gaji. Ɗan maiƙo cikin tiyon iska ba abin tsoro ba ne a tsohuwar mota. Amma in mai ya kwanta har yana zuba, kada a ci gaba da tafiya.

Ga dalili. Injin gazuwal na iya shan man nan ya ƙone shi. Sai ya ɗauki gudu da kanshi, da ƙara mai ban tsoro da hayaƙi mai yawa. Ko an zare makulli ba ya mutuwa. In haka ta faru, direba ya sa giya mafi girma, ya taka birki da ƙarfi, ya saki kuloci, inji ya shaƙe. In ta ƙiya, a toshe bakin iska da katako. Kada a sa hannu ko tsumma. Fasinja su sauka su yi nisa.

INDA RUWA KE FITA

Doka ta farko: ba a buɗe murfin lagireto da zafi. Ruwan na iya tsalle ya sale fuska da hannu. A jira har hannu ya iya riƙe babban tiyo.

Yoyon ruwa na da wuyar gani, domin zafi na busar da shi. Amma yana barin shaida: farin ɓawo, ko kore, ko layin tsatsa. Ga inda za a duba.

1. Tiyo da zobbansu. Ka matsa kowane tiyo da sanyi. In ya yi taushi kamar tsumma, ko ya kumbura, ko ya bushe yana tsagewa, a canja. Kada a manta da ƙananan da ke ɓoye bayan inji da kusa da turbo. Su zafi ya fi ci.

2. Jikin lagireto, musamman inda roba ta gamu da ƙarfe. A kuma share ƙaiƙayi da ciyawa da ƙwari da ke toshe gabanshi.

3. Famfon ruwa. Yana da wani ɗan rami a ƙasa. In ruwa na fita nan, ko yana ƙara, kwananshi ya ƙare.

4. Murfin lagireto. Kada a raina shi. Ruwa a buɗe na tafasa a digiri 100. Murfi mai kyau na danne shi, sai ya kai wajen 120 bai tafasa ba. A watan Afrilu da Mayu, sa'ad da zafin Adar ke wuce digiri 40, wannan rata ita ke ceton inji. Wanda ya toshe bakin lagireto da tsumma ko leda ya zubar da ita.

5. Tiyon ɗumama ɗaki. Motocin Turai na da shi saboda sanyin ƙasarsu. In ka ga tabarmar ƙafa ta jiƙe a gaba, shi ne.

IN RUWA DA MAI SUN GAMU

Tsakanin kan inji da gangar jikinshi akwai babban juwan, wanda makanikai ke kira juwan kilas. Shi ke raba wuta da ruwa da mai, kowa da hanyarshi. In inji ya yi zafi fiye da kima, sai ya ƙone. Alamunshi su ne: ruwa na ɓacewa babu ɗigo, kumfa na tasowa a lagireto ba ta tsayawa, tiyo na yin tauri da an ta da mota, mai a sandar awo ya koma kamar shayi da madara.

In kuwa mai ne ke yawo bisa ruwan lagireto, a fara duba ɗan akwatin da ke sanyaya mai, inda ruwa da mai ke wucewa kusa da juna. Shi ma yakan huje, kuma gyaranshi ya fi sauƙi.

Gyaran juwan kilas ba aikin gindin icce ba ne. Dole a auna kan inji a ga ko ya lanƙwashe ko ya tsage. Dole a ɗaure notuna bi da bi, da sifana mai awo. Ka tambayi makanike ko yana da ita. In babu, nemi wani. Araha ba ta ado.

Kuma in allura ta hau ja a hanya, a tsaya nan take, a kashe, a jira. Kada a kwarara ruwan sanyi. Mata sun san abin da ke samun tukunyar ƙasa in an sauke ta daga wuta an zuba mata ruwan randa.

WANE RUWA ZA A SA?

Ƙasarmu na da dutsen farar ƙasa. Da irinshi ake yin siminti a Malbaza. Ruwan rijiyoyi da yawa na ɗauke da shi. Ka leƙa cikin tsohuwar butar shayi, za ka ga farin ɓawo. Haka yake yi cikin lagireto, har ƙananan hanyoyi su toshe. Ruwan tabki kuma na da laka.

Abin da ya fi shi ne ruwan lagireto na kanti. Wani zai ce na ƙasar ƙanƙara ne. A'a. Yana hana tsatsa, ya kiyaye famfo. In babu, a sa ruwan sama tatacce. A hanya, in an matsu, kowane ruwa mai tsabta ya fi babu, amma a juye shi in an isa gida. Garin barkono ko ƙwai da waɗansu ke zubawa don toshe huji na iya kai ka gari, amma yana toshe hanyoyin ruwa ma. Ba gyara ba ne.

MAKIYAYA DA IYAYE, KU SAURARA

Ruwan lagireto na kanti guba ne. Yana da zaƙi, don haka akuya da kare da ƙaramin yaro na iya lasa. Kaɗan ya isa ya kashe ƙoda. Kada a zuba shi cikin kwalbar lemo. In ya zube, a kwashe ƙasar a binne nesa da rijiya. In yaro ya sha, a kai shi asibiti nan da nan, ko da ana ganin lafiyarshi lau. Ciwon ba ya nunawa da wuri.

Baƙin man da aka juye shi ma kada a zubar kusa da rijiya ko kwalkwatar ban ruwa. Kada a shafa shi bisa ƙazuwar raƙumi ko gyambon jaki. A je wurin likitan dabbobi.

ABIN YI KULLUM

1. Kowace safiya, kafin a ta da mota, a auna mai, a duba ruwa, a leƙa ƙasa.

2. In an ta da ita, a ba ta minti guda kafin a taka, don mai ya isa turbo.

3. Bayan doguwar tafiya ko babban lodi, a bar ta tana aiki a tsaye minti 2 kafin a kashe. In an kashe da gaggawa, mai na dahuwa cikin turbo ya daskare.

4. A tsohuwar motar gazuwal mai turbo, a canja mai duk kilomita 5000, kuma a lura da matatarshi. Daga Tawa zuwa Yamai wajen kilomita 550 ne. Ke nan zuwa da dawowa sau biyar ya wuce ƙa'ida.

5. A kakkaɓe matatar iska a kai a kai, musamman da hunturu. In ta huje, a canja.

6. In jar fitilar mai ta kama a hanya, a kashe nan take. Kada a ce bari mu kai gari.

7. Tun da mun koyi rubutu, a ajiye ɗan littafi cikin mota. A rubuta ranar da aka ƙara mai ko ruwa, da yawan abin da aka ƙara. In lissafi na hawa, yoyo na girma. Wanda ya aiko da kuɗin mota daga bida shi ma zai ga gaskiya a rubuce.

Kai kuma fasinja, kafin ka ɗora buhunanka, duƙa ka dubi ƙarƙashin mota. In ka ga ɗigo, faɗa wa direba da ladabi. Ba raini ba ne. Ranka na cikinta, nashi ma haka.

Wanda ke da tambaya, ya rubuto ta hannun malamin yaƙi da jahilci na garinsu. A wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi zancen birki. Allah ya kiyaye hanya, ya sauke kowa lafiya. Amin.